Rakiyar Karkashi daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa

Tun da na dawo ba a bar ni na taka keken ɗinkina cikin kwanciyar hankali ba. Mai kawo yadi sai ya tambaya, wanda bai kawo komai ba ma sai ya ja benci ya zauna: "Wai Lawal, da gaske ne har Sabuwa ka je neman miya?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, wasu kuma sun fara zuba masa gishirin da ban sa ba, har an ce wai an ɗaure ni a Sheme. Ba a ɗaure ni ba. An dai kusa. To ga yadda abin ya faru, kowa ya ji ya huta, ni ma in huta.

Ni tela ne a bakin kasuwar Ƙanƙara. Yayata Hajiya Bilki tana da ɗiya, Rukayya, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta ilimin tsirrai. Malaminta ya ba ta aikin kammalawa: ta tattaro karkashi daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kowane da furensa da kwanson 'ya'yansa, ta auna ta gwada. In damina ta wuce furen ya kaɗe ba ta kawo ba, to sai baɗi, 'yan ajinsu su fita su bar ta. Babanta ya rasu, yayyenta maza suna kudu, hanyar kuwa kun san halin da take ciki. Sai Yaya ta aiko a kira ni.

Ta ce, "Kai za ka raka ta."

Na ce, "Yaya, ga ɗinkin mutane jibge."

"Ɗinkin da tun sallar bara kake ce masu gobe? Ƙara masu wata goben."

Da na ji an ce binciken jami'a ne, sai na ɗauka ofis-ofis za mu riƙa shiga ana ba mu lemo. Na ci ado da farar shaddata, na kafa hula, na sa takalmi sau-ciki. Rukayya kuwa ta fito da takalmin roba da tsohon hijabi, rungume da wasu katakai biyu da aka ɗaure tamau da igiya, tsofaffin jaridu cunkushe a tsakani. A ciki ake shimfiɗa ganye a matse shi ya bushe. Ta riga ta sa na Ƙanƙara, wanda ta tsinko a bayan gidansu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kawu, ɗaurin aure za ka daga can?" Na ce yaro bai san martabar tafiya ba.

A tasha direba ya ce katakon fasinja ne, tunda ya fi wata tsohuwa da ke baya faɗi. Da ƙyar ya yarda na ɗora shi a cinya. Sai da rana ta ɗaga sosai, motoci suka taru, sannan muka kama hanya a jere, don yanzu ba mai son ya zama shi kaɗai a kan titin nan. Muna wuce 'Yargoje hira ta mutu, kowa ido a daji. Don in kori tsoro sai na tambayi Rukayya me jami'a ta rasa da take bin karkashi.

Ta ce, "Kawu, a wurinmu kowane tsiro sunansa biyu, sunan gidansu da nasa na kansa. Da can masana sun duba karkashi suka ga kwansonsa na da 'yan ƙahoni a ka, sai suka ware masa gida daban da na riɗi, shi da 'yan'uwansa da ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba. Suka sa wa gidan Ceratotheca, wato kwanso mai ƙaho."

"Sarauta Teka?"

"Ceratotheca."

"Abin da na ce ke nan."

"Sunansa na kansa kuma sesamoides, mai kama da riɗi. To a 'yan shekarun nan sai wasu suka binciki ƙwayoyin halittarsu, suka ga ashe ba kama kaɗai ba ce, jini ɗaya ne. Aka rushe ɗan gidan, aka kwashe su duka aka mayar gidan riɗi. Yanzu sunansa Sesamum sesamoides."

Na ce, "Fassara mani."

"Riɗi mai kama da riɗi."

Wani Alhaji mai ƙiba da ke gidan gaba ya juyo har hularsa na gogar rufin mota. Ashe dillalin riɗi ne, karkashi kuwa yauɗo yake ce masa, kamar yadda muke cewa a nan wajenmu. Ya ce, "Ɗiyata, mi kika ce? Riɗin da muke lodawa a tirela har bakin teku, shi ne ɗan'uwan yauɗo? Wanga abu da akuya ma sai ta rasa mafita take ci? Wallahi ban yarda ba. Ku koma ku sake gwajin."

Tsohuwar nan ta baya ta gyara goron bakinta ta ce, "To Alhaji, wane gida ne babu talaka?"

Motar ta ɗauki dariya, har direba ya faɗa rami. Alhaji bai sake juyowa ba.

Dab da Sheme muka tarar da shingen 'yan sintiri. Aka ce kowa ya sauko. Wani mai gashin baki ya nuna katakon da bakin sandarsa ya ce mi ke ciki. Da na yi shiru Rukayya ta amsa, da yanzu babu labarin. Amma ina cikin farar shadda, na ga ai ni ne babba.

Na ce, "Sarauta Teka ce, yallaɓai. Amma an canza mata suna."

Ya ce, "An canza mata suna? Abin da bai yi laifi ba ana canza masa suna?"

Kafin in gyara zance sun kwance igiya, ga busasshen ganye a lulluɓe cikin jarida, irin yadda masu tabar wiwi ke naɗe tasu. Aka nuna mani wani kututture aka ce in zauna. Rukayya ta fito da katin makaranta, suka ce katin nata ne, ganyen kuwa a cinyata aka gan shi. Alhajin riɗi na gefe yana cewa shi dai tun farko bai yarda da mu ba. Sai shugabansu, wani dattijo, ya zo ya ɗauki reshe guda ya jefa a baki. Ya tauna, ya tauna, ya tofar. Yawun ya ƙi tsinkewa. Ya miƙe daga leɓensa har ƙasa kamar zaren da na ja daga kwarkwaro. Ya sa hannu ya yanke, ya liƙe a hannun. Ya ce da mutanensa, "Yauɗo ne, ku sallame su." Sannan ya dube ni: "Kai kuma Malam, in an tambaye ka abu ka faɗe shi da Hausa."

Rukayya ta ce reshen da ya fi kyau ya cinye, amma akwai saura.

A Faskari gidan Gwaggo Asabe muka sauka, ƙanwar babanmu. Mu a Ƙanƙara in baƙo ya zo ana barinsa ya sha ruwa ya numfasa. Gwaggo kuwa tun ina cire takalmi ta fara tambayar lafiyar mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ita da kanta ta je ta'aziyyarsu. Da ta ji abin da ya kawo mu ta riƙe haɓa ta ce, "Bilki ta kai ɗiya jami'a don ta koyo yauɗo? Ai da ni ta kawo wa."

Kashegari da hantsi muka fita gonakin bakin gari, ba mu yi nisa ba. Nan na fara ganin karkashi da idon basira. Shekara nawa ina haɗiyarsa ban san yana da fure ba, ɗan ruwan hoda mai baki kamar kakaki. Rukayya ta nuna mani kwanson, ga ƙahonin nan kuwa ƙanana, kamar na ɗan akuya. Ba kowane take so ba, sai mai fure da kwanso a jiki ɗaya, don haka muka sha sunkuyo har bayana ya riƙe. Hadari ya taso, muka zuba a buhu muka rugo gida. Ta jingine buhun a bakin madafa ta ce bari ta yi salla ta ɗan miƙe, in ruwa ya tsaya ta shimfiɗa su a katako. Barci ya ɗauke ta.

Ni ina zaure aka kawo mani tuwon masara da wata miya. Jama'a, na ci miya a duniya, amma wannan daban ce. Kanwa daidai, daddawa daidai, ga busasshen kifi, in ka ɗago loma sai ta biyo ka har kafaɗa. Na share kwano na aika a ƙaro. Ina cikin na biyu Rukayya ta leƙo, idonta a waje.

"Kawu, ba ka ga buhun nan ba?"

Hadiza, matar ɗan Gwaggo, ta amsa daga tsakar gida da murnarta: "Ai na gode da tsaraba! Na tsince furen na watsa wa kaji, ganyen kuwa ga shi nan Kawu na ci."

Rukayya ta dubi kwanon, ta dubi hannuna da miya ke zarya tsakanin yatsu. Ta ce, "Kawu, digirina kake ci."

Na rasa yadda zan yi da lomar da ke bakina. Tofarwa ba ta dawo da fure, sai na haɗiye. Ita kuwa ta zauna a dokin ƙofa ta fashe da kuka, kuka na gaske, Hadiza ma ta kama nata. Gwaggo ta fito ta daka masu tsawa ta ce gidanta ba a kukan miya, gobe ita da kanta za ta kai mu inda yauɗo ya fi na jiya.

Da safe na shiga wanka, na tarar da bokiti cike a banɗaki, na ce kai, mutanen Faskari akwai karrama baƙo. Na kwarara a ka. Ruwan ya sauko a hankali kamar mai jin kunya. Na sa sabulu, sabulu ya tsere. Na kai hannu in kamo shi, ƙafata ta bi shi. Ashe ragowar ganyen ne Gwaggo ta jiƙa don wanke gashinta. Duk inda na dafa sai ya sulɓe, na tashi na faɗi, na tashi na faɗi, ƙarshe da rarrafe na iso bakin ƙofa ina kiran a taimaka da ruwan Allah. Gwaggo daga waje tana faɗa, ba don ni ba, don ruwan gashinta. Amma in faɗi gaskiya, gemuna bai taɓa laushi irin na ranar ba.

Gwaggo ta cika alkawari. Ta kai mu wata saura a bayan makarantar firamare, muka samu fiye da na jiya, kuma a nan gindin bishiya Rukayya ta matse su a katako. Daga ranar ko alwala za ta yi da shi take zuwa.

Zuwa Sabuwa sai da muka zagaya ta Funtuwa da Ɗandume, daga garin Sabuwa kuma muka hau babura zuwa ƙauyen da aka kwatanta mana, can wajen iyakar Kaduna. A nan shaddata ta yi bankwana da fari. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni duk kududdufin da ya gani sai ya ce "wannan ba zurfi," kuma sau ɗaya kawai ya yi gaskiya. Ƙasar ta fi tamu itatuwa da duhuwa, masara ta fi mutum tsawo, maganarsu kuma ta ɗan karkata wajen ta Zazzagawa.

Mun sauka gaban mai shayi. Rukayya ta tsaya gyara igiyar katako, ni kuma na ce bari in rage mata aiki. Na yi sallama na ce, "Don Allah ina hanyar da ta fi kusa da daji, inda mutane ba su cika zuwa ba?"

Cokalin mai shayi ya tsaya a cikin kofi. Waɗanda ke kan benci suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya taɓa ni, aka dai ce mu taka zuwa wurin Mai unguwa, mutum biyu a gaba, sauran a baya. A wannan 'yar tafiyar na gane abin da bakina ya yi. Garin da aka sha kwashe masu shanu da mutane, baƙo ya zo da kaya a ɗaure yana tambayar hanyar daji. Ko ni ne abin da zan zata ke nan. Na ce a raina Yaya ta ba ni amanar ɗiya na kawo ta inda za a yi mana taron dangi.

Mai unguwa, Baba Ilu, tsoho ne siriri mai farin gemu, yana zaune kan buzu a zaurensa. Ya ce wa zai yi magana. Rukayya ta yi sauri ta ce, "Ni, Baba." Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance katako, ta nuna takardar makaranta, ta kawo labarin tun daga ƙahoni har rushe gida. Zauren ya cika, har ta taga ana leƙe. Ina kallon fuskar tsohon tana sauyawa, daga ta mai tuhuma zuwa ta mai sauraron ƙara, don an ce rabin aikinsa rabon gado ne da rikicin iyakar gona.

Ya ce, "Tsaya, ɗiyata. Da aka ware masa gida, shi ya nema?"

"A'a, Baba."

"Da aka rushe, an shawarce shi?"

"A'a."

"Shi riɗin ya ce yana da ɗakin saukar su?"

"Baba, ai tsiro ne."

"Tsiro ne, amma ga shi an tashe shi sau biyu ba sammaci." Ya shafa gemu. "To masu ƙahon, da suka koma gidan riɗi, an ce su cire?"

"A'a, suna nan da abinsu."

"To alhamdu lillahi, an yi adalci a nan. Ɗan'uwa ɗan'uwa ne ko da ƙaho." Ya juyo kaina. "Wannan kuma mi ne aikinsa a tafiyar?"

Rukayya ta ce, "Kawuna ne, shi ke tsarona."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Baba Ilu ya ce Allah ya ƙara tsare ta. Ya sa aka sauke ta a ɗakin iyalinsa, ni kuma a ɗakin baƙi tare da buhunan masara da wata zabuwa mai kwanci da ba ta yi maraba da ni ba. Aka kawo mana faten tsaki da yakuwa. Mu a gida sai mutum ya kwanta ciwo ake dama masa fate, su kuwa da shi suke karrama baƙo. Na ce da mai kawowa lafiyata lau, ya ce ai shi ya sa aka cika kwanon.

Da gari ya waye Baba Ilu ya haɗa mu da Inna Talatu, wata dattijuwa mai gona a bakin rafi, da maza biyu masu rakiya, ya ce kafin azahar mu dawo. Mun samu karkashi, amma duk furen ya kaɗe, sai kwanso. Rukayya ta bi kunya-kunya tana ɗaga ganye, fuskarta na ƙara tsukewa. In babu na Sabuwa, na sauran wuraren ma bai yi amfani ba. Har masu rakiya sun fara duban rana sai ta ƙwala ihu. Can a ɗaya gaɓar rafin ga wani ya yi reshe-reshe ya sunkuyo kan ruwa, fure a jiki, kwanso a jiki, ƙahoninsa har daga nan ana gani.

Inna Talatu ta ce, "Wancan ƙetaren hwa Kaduna ce."

Rukayya ta dafe kai, don aikinta na Katsina ne. Na ce ni dai ban ga shinge ba. Na tuɓe takalmi na naɗe wando na shiga. Ruwan da na zata iya gwiwa ne ya kai ni ƙirji. Na isa, na kama gindin na tumɓuko shi da saiwa yadda ta koya mani, ina juyowa sai na ji murya a kaina: "Malam, lafiya kake cire mana karkashi?" Wani manomi ne tsaye da fartanya.

Inna Talatu ta amsa daga can: "Yauɗonmu dai! Ba ka ga inda ya sunkuya ba? Gida yake son dawowa."

"Saiwarsa a ƙasarmu take, Inna."

"Kansa a tamu!"

Suka yi ta yi, ashe surukai ne, sun saba. Ni kuwa ina tsakiyar ruwa, hannu a sama, laka na jan ƙafata, hulata ta kama hanyarta ta bi rafi. Na ce don girman Allah su yanke hukunci ko in nutse da abin gardamar. Manomin ya ce in tafi da shi, amma a rubuta gaskiya. Rukayya kuwa ta rubuta a jikin jaridar: saiwa a Kaduna, fure a Katsina. Ta ce malaminta ya san yadda zai yi da shi. Ta shimfiɗa shi a katako tana dariya, idonta da ƙwalla, ta ce, "Kawu, Allah ya biya ka." Ni kuwa ina gefe ina matse ruwan shaddata.

Mun dawo lafiya. Malamin ya karɓi aikin, ya ce na bakin rafin nan ya fi duka, an ajiye shi a ɗakin adana tsirrai na jami'a, kuma a takardar da aka liƙa masa akwai sunana a wurin wanda ya tsinko. Rukayya ta fita tare da 'yan ajinsu. Shaddar kuwa na yanka ta na yi tsumman share keke.

Abin da ya rage shi ne Hadiza ta ba wata 'yar Ƙanƙara labarin wankan a wurin biki, kafin mako ya zagayo kasuwa duka ta daina ce mani Lawal Tela, sai Lawal Yauɗo. Na kai kuka gidan Yaya. Rukayya ta ce in kwantar da hankalina, a ƙa'idarsu ta masana in sunaye suka yi karo, wanda aka fara sa wa abu shi ke tabbata, na baya ya faɗi. Na ji daɗi ƙwarai, na ce gobe zan sanar a kasuwa a koma wa na farko.

Yaya tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "In na farko ake bi, ai kafin a yanka maka rago Kaka ta riga ta sa maka Tumbin Kwaɗo. In zo kasuwar in ba da shaida?"

Saboda haka mai son ɗinki ya zo bakin kasuwa ya tambayi shagon Lawal Yauɗo. Ina amsawa.